Ranar Da Dakta Alƙasum Ya Taɓa Ƙugun Inji

Duk wanda ya zo Tawa bai gaida Dakta Alƙasum ba, to tasha kawai ya tsaya. Mutum ne da Allah ya yi wa ilimi har ya yi masa yawa, yana rabawa ko ba a roƙa ba. Shekara talatin ya yi a ma'aikatar kiwo. Mahassada suna cewa wai aikinsa riƙon akwatin ƙanƙara ne idan za a yi wa shanu allura, amma mu ba ma biye wa mahassada. Abin da muka sani shi ne, tun da ya yi ritaya ba a taɓa tayar da magana a ƙofar gidansa ba, daga jinkirin damina har ciwon haƙori, face ya rufe ta da "a kimiyyance". Matasan unguwa, don tsabar ladabi, suna kiransa Likitan Ƙofato, amma sai ya ba da baya.

Dakta yana da mota, 'yar ƙaramar Sitalet fara wadda ta girmi rabin 'yan kabu-kabun garin. Injinta ya cika tun bara, aka tura ta gindin dogonyaro, awaki suna shan inuwarta. Dakta ya ce ba mutuwa ta yi ba, hutawa take.

Ana nan sai aka sa ranar auren Balkisa, ɗiyar ƙanwarsa, marainiyar da ta tashi a hannunsa. Angon ɗan Kalfu ne. Da danginsa suka ce za su aiko da motar ɗaukar amarya, Dakta ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ina raye, ina numfashi, a ɗauki ɗiyata cikin motar aro? Ku riƙe abinku. Ranar Asabar, kafin a kira magariba, ni da kaina zan sauke ta ƙofar gidanku. Wanga magana ta Alƙasum ce, ba ta buƙatar shaida."

Mutanen Kalfu suka yi godiya, suka sallami mai motarsu. Balkisa kuwa, baiwar Allah, ta yarda da kawunta ɗari bisa ɗari, har ta gaya wa ƙawayenta. Saura kwana goma sha biyu.

Aka ja motar zuwa garejin Manzo, dattijon makaniken da bai cika magana ba. Manzo ya leƙa, ya goge hannu, ya ce abin mai sauƙi ne: a samo inji irin nata, ƙarami, na esansi, wato fetur, wanda ƙafafunsa za su zauna inda na da suka zauna, bakinsa kuma ya haɗu da akwatin giya. Aikin yini ɗaya ne. Dakta ya yi murmushin tausayi, irin wanda malami kan yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari.

Suka tafi wurin masu sayar da injunan kwance, inda aka jera su bisa tsofaffin tayoyi. Manzo ya nuna wanda ya dace. Nan fa ilimi ya motsa. Dakta ya naɗe hannun riga, ya zagaya injin sau biyu, ya durƙusa, ya danna bayansa da tafin hannu kamar yadda ake taɓa ƙugun ragon layya a kasuwar dabbobi. Ya sa a buɗe murfin sama ya duba, ya ce haƙoran sun yi ƙanƙanta. Ya sa a ɗaga, mutum biyu suka ɗaga ba ko nishi.

"Ramamme ne," in ji Dakta. "Abin da mutum biyu sunka ɗaga, shi za ya ɗauki amarya da gwaggonninta? A kimiyyance, ƙarfi yana ga ƙirji. Dabba ko ƙarfe, doka guda ce."

Can ƙurya ya hango wani baƙin inji na gazuwal, wato man dizil, da aka ciro daga motar ɗaukar kaya. Mutum huɗu suka kama, ɗaya ya ambaci Allah ya riƙe baya. Dakta ya shafa shi, idonsa har da ƙwalla, ya ce wannan shi ne kiwatacce. Manzo ya ce ba zai shiga ba. Dakta ya ce shi ya taɓa shigar da bajimi cikin motar da ta fi wannan ƙunci. Mai shago, wanda injin ya shekara uku yana tare masa hanya, ya rantse bai taɓa ganin mai ido irin na Dakta ba.

Aikin yini ɗaya ya koma na kwana goma sha ɗaya. Aka yanke, aka ƙwanƙwasa, aka yi walda, aka kwance, aka sake yi. Akwatin giya ya ƙi, aka sauya shi. Murfin gaba ya ƙi rufuwa, aka huda shi, kan injin ya leƙo waje. Dakta yana zaune bisa kujera da lema yana ba da umarni, Manzo yana istigfari a hankali. Da aka sauke motar ƙasa sai ta sunkuyar da hanci, bayanta ya ɗaga sama. Dakta ya ce alamar tarbiyya ce.

Manzo ya faɗa masa gaskiya ta ƙarshe: a kan kwalta za ta lallaɓa, amma akwai korama mai yashi kafin Kalfu, kuma mota mai nauyin kai ba ta shiga yashi ta fita. Dakta bai ji ba, don a lokacin yana koya wa Illa maroƙi kirarin da shi da kansa ya tsara wa injin motar. Yini uku suna bita. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar Asabar bayan la'asar aka tayar da inji, kajin unguwa suka watse. 'Yan rakiya suka yi gaba a motar haya. Aka sa amarya a baya tsakanin gwaggonni biyu masu jiki, wanda dabarar Manzo ce don bayan motar ya taɓa ƙasa, amma Dakta ya ce shi ya zaɓe su saboda darajarsu. Illa yana gaba, kansa a waje, yana zuba kirari cikin hayaƙi. Gaskiya sun fita Tawa da kwarjini.

A bakin korama Dakta ya gyara hula, ya ce a lura da kyau. Motar ta shiga taku biyar, ta kafa hanci cikin yashi. Ya taka, inji ya yi ruri, tayoyin gaba suka haƙa rami. Ya ƙara takawa, suka ƙara haƙawa, don ƙarfi kam akwai shi, ba a yi masa ƙarya ba. Gwaggonni suka fito su tura, bayan motar ya tashi sama.

Rana ta yi ja. Balkisa ta riga ta gama kukan al'ada tun a Tawa, wannan da ta soma yanzu na gaske ne. Ana can ana jiranta, an zuba abinci, kuma ta san bakin mutane: amaryar da magariba ta riske ta a hanya, har ta yi jika ana ba da labarin. Abin ya ba ni tausayi, wallahi. Dakta kuwa ya fito, ya tsaya a gaban motar, ya fara bayani a kan bambancin yashin bana da na bara.

Yana tsakiyar bayanin wani manomi mai suna Ciɗo ya iso da amalanken jaki, ya ɗauko kara daga gona. Gwaggonni ba su nemi shawarar kowa ba. Suka shimfiɗa zane bisa karan, suka ɗora amarya, suka hau. Illa ya dubi motar, ya dubi inda hayaƙin tuwo yake tashi, ya ɗare bayan amalanke.

Jakin ya ratsa yashi ba ko gargada, ya sauke Balkisa ƙofar gida ladan yana gyaran murya. Shi kuwa Dakta, tun daga cikin korama yake jiyo muryar Illa tana nisa, don kirarin da aka yi yini uku ana haddacewa bai kamata ya lalace ba:

"Mai faɗin ƙirji, kiwon Dakta! Yashi ya gan ka ya kauce! Ka yi alkawari ka cika, ɗan asali, mai kai amarya gida!"

Jakin, da yake ba mai girman kai ba ne, ko kunne bai kaɗa ba.