Rasuwar Gwaggo a Tsakiyar Tambaya ta Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya da ba za a rasa ba, telan da ke shagon ƙarƙashin bene, a madadin iyalinsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar cinyar gidansa, wadda yara ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Litinin da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a kan teburin yanka, tana tsakiyar aiki. Ta bar duniya tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan da tsufanta, haruffa biyu sun riga sun zube mata kamar haƙora. An sa mata Gwaggo ne saboda ba ta tashi sai ta gama mita. A danna ta, ta yi fuuu, ta yi ƙir-ƙir, ta tsaya kamar mai tuna wanda ya ɓata mata rai, sannan ta buɗe ido. Amma ba ta taɓa cewa ba za ta yi ba.

Babban abin da za a tuna ta da shi shi ne wahalar da ta sha a kan babbar 'yar gidan, wadda telan ke kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Shekara biyu ke nan da Uwata ta gama karatun kimiyyar gwaje-gwaje tana zaune ba aiki. Gwaggo ta aika mata takardun neman aiki wuri arba'in da ɗaya. A zamanin telan, mai neman aiki yakan goge takalmi ya je ya gaida manaja, a ga fuskarsa a ga ladabinsa. Yanzu an ce na'ura ce ke fara karanta takardu, ta zubar da waɗanda ba su yi mata ba tun kafin ɗan Adam ya sa ido. Ya tambayi Uwata ko na'urar tana da wani na kusa da za a je a gaisar. Ta ce, "Baba, don Allah ka koma kan kekenka."

Sau arba'in Gwaggo ta yi 'yar ƙara, alamar saƙo ya shigo. Sau arba'in telan ya tsayar da keke, allura a sama, ana karanto masa godiya da ban haƙuri. Akwai ranar da ban haƙurin ya iso shayinsa bai huce ba. Daga baya Uwata ta daina aika takarda iri ɗaya ko'ina. Ta riƙa karanta sanarwar aiki a tsanake, tana fito da abin da ta iya da irin kalmomin da aka nema. A na arba'in da ɗaya wani kamfanin ruwan sha ya kira ta intabiyu. Babu mutum a ciki: tambaya ta fito a allo, a ba ta minti biyu ta amsa, kyamara na ɗauka. Tambaya biyar, dama ɗaya.

A nan telan yake so ya faɗi gaskiya game da ciwon ajali. Ya ɗinka wa Uwata rigar ranar. Da ya juyo ya ga Gwaggo duk ƙujewa da tabo, sai ya ga bai kamata ta shiga gaban manya a haka ba. Bai tuna cewa kyamara ba ta ganin jikinta ba. Ya auna ta, ya yanka mata riga daga ragowar yadin, ya sa soso mai kauri a ciki. Wasu ƙananan ramuka da ya gani a gefenta da ƙasanta ya rufe su tsaf, don shekara talatin bai taɓa sallamar aiki da huji ba. Ashe ta nan baiwar Allah take numfashi.

Ta jure tambaya uku. A ta huɗu, Uwata na bayanin yadda ake gane gurɓataccen ruwa, fuuu ɗin Gwaggo ya koma gurnani. Telan, wanda ke leƙe ta bayan labule, ya ɗauka jin daɗin sabuwar riga ne. Sai ta yi ƙit, allo ya yi baƙi.

Mai gyara ya zo, ya taɓa ta, ya janye hannu. Ya ce, "Maigida, wa ya sa mata bargo? Wannan ai dafa ta aka yi." 

Sai kuma aka tuna marigayiyar ce kaɗai ta san kalmar sirrin imel ɗin Uwata, wanda ta nan ne kawai kamfanin ke magana. Tun ranar da aka buɗe shi aka ce ta riƙe, ta riƙe, kowa ya manta. Uwata ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Telan ya wuni yana zagaya gawa, yana ba ƙofa haƙuri.

Da la'asar maman yara ta dawo daga kasuwa, ta saurari labari, ta ajiye jaka. Ta ce, "Ku tuɓe ta ku duba ƙasanta." Aka farke ɗinki, sai ga 'yar takarda manne da salatif, da rubutun hannunta. Telan ya gan ta lokacin awo, ya ɗauka lambar kamfani ce, ya lulluɓe ta da soso. Ta ce, "Tun ranar na rubuta, don na san gidan da nake aure."

Da wayar mai gyara Uwata ta shiga, ta rubuta wa kamfanin abin da ya faru, ban da zancen riga. Washegari amsa ta zo, daga wata mata ta ofishin ɗaukar ma'aikata, mutum mai rai. Ta ce amsoshi uku sun iso, ta kalle su, tana son ganin sauran biyun. An ba Uwata ranar Alhamis da ƙarfe goma, sau ɗaya tak. Telan ya nemi a miƙa gaisuwarsa. An ce masa ya yi shiru.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka mai mataccen zif, da riga wadda sau ɗaya aka sa.

Gawa tana shagon mai gyara, inda zai ciro hotunan yara daga cikinta. Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya, bayan tambaya ta biyar, a kwalin da ke saman wadirob. Iyalan na roƙon masu zuwa ta'aziyya da kada su wahalar da kansu da komai, sai dai duk mai kwamfuta lafiyayya ya aro ta kafin yammacin Laraba. An yi alkawarin za ta koma tsirara kamar yadda ta zo. Magwajin awo da almakashi suna hannun maman yara. Shi kuwa telan, daga ƙarfe tara zai karɓi gaisuwa a kan benci, a tsallaken titi, inda iyalinsa suka yanke masa ya zauna.