Sawun Alhaji a Dandamalinmu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka zo neman auren ƙanwata Hadiza ba. A ƙofar gidanmu da ke Abakpa akwai dandamalin katako a ƙarƙashin mangwaro, wanda marigayi Baba ya sa aka yi don zaman baƙi. Bayan rasuwarsa fentin duk ya ɓaɓɓare kamar bayan ƙadangare. Ni ne babba a gidan, na ce ba a kan wannan za a karɓi surukai ba, kada su raina mana yarinya.

Matata ta ce in kira kafinta. Na ce Allah ya kiyaye, aikin Baba ni zan gyara (ni da ko ƙusa ban taɓa bugawa daidai ba). Kullum na taso daga ofis sai in tuɓe riga in kama kankara da sanfefa, har tafin hannuna ya yi kanta. Kuma wallahi ya yi kyau! Sai da maƙwabta suka riƙa tsayawa kallo. Daɗin yabo ya ɗebe ni, ana gobe za su zo na ƙara lafta masa fentin mai ruwan ƙasa, mai kauri, ga damina ta yi nisa. Da safe na taɓa da ɗan yatsa, na ji ya bushe.

Baƙi suka iso bayan azahar, Alhaji Sani, baffan yaron da ke neman auren, a gaba. Bakatsine ne, babban mutum. Suka cire takalma suka taka katakon zuwa kan darduma. Na ji wani ɗan sauti, caɓ, caɓ, na ce a raina kunnena ne. Aka gaisa, aka yi magana, aka shafa fatiha lafiya.

Da aka kira la'asar na kawo butoci. Alhaji ya ɗaga ƙafa zai wanke, sai ya tsaya yana kallonta. Tafin ya koma ruwan ƙasa, ruwa yana zamewa a kai.

"Ɗana, mi ka shafa ma katakon nan?" in ji shi. "Alwalla hwa ba ta yiwuwa a kan wannan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga Hadiza can tana leƙe ta labule, na tabbata kuka take shirin yi. Na ruga kicin na ɗauko kananzir da tsumma, na durƙusa da sabuwar shaddata na kama goge ƙafar Alhaji. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Haka muka shiga masallaci a sahun ƙarshe muna warin risho.

Da za su tafi Alhaji ya riƙe hannuna yana dariya. "Gidan da babban wa ke duƙawa ya wanke ƙafar baƙo, ai ko ba mu zo neman aure ba sai mu nema."

Hadiza tana ɗakinta yanzu da 'ya'yanta. Na sake fentin daga baya, amma sawun Alhaji guda na bar shi a bakin dandamalin, duk wanda ya zo sai na nuna masa. Abin da na koya shi ne, wurin da ƙafa za ta taka, da ƙafa ake gwada shi. Zai fi kyau kuma ta zama taka ce, ba ta suruki ba.