Sadakar Injiniya Na-Malesiya

Duk faɗin Nassarawa GRA, in dai maganar kwamfuta ake yi, babu na biyun Alhaji Badaruddeen. Wannan zance tabbatacce ne, domin daga bakinsa aka ji shi. Lokacin da yake daraktan sayayya a wata ma'aikata aka tura shi kwas na kwana tara a Malesiya. Kwana biyu sun tafi a jirgi, ɗaya a kasuwa, ɗaya kuma ciwon ciki ya kwantar da shi. Ragowar biyar ɗin su ne suka mayar da shi Injiniya, kuma yau shekara ashirin ke nan ana ɗibar ilimin bai ƙare ba. Kowace magana da "A Malesiya" yake buɗe ta, ko da ta kunun tsamiya ce. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Na-Malesiya. Sunan ya kai kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai.

Kwamfutarsa babba ce, irin ta kan tebur, tana zaune a ɗakin da ya raɗa wa suna Cibiya, lulluɓe da farin yadi. Shi yake yaye yadin, shi yake kunnawa, shi yake kashewa.

Ga shi da kyauta kuma, masha Allah. Manyan layinsu kowa ya fitar da famfo ta jikin katanga don jama'a su ɗebi ruwa. Injiniya ya ce wannan sadakar mutanen da ce. Shi sai ya sa aka kafa allo a ƙofar gida, da hotonsa ya dafa haɓa, a ƙasa aka rubuta INTANET KYAUTA, SADAKATUL JARIYA, ga lambar sirrin wayfai ɗin gidan nan ɓaro-ɓaro da jan fenti. Kafin allon, majalisarsa tsofaffi uku ce, ɗaya ma barci ke kawo shi. Bayan allon sai da benci ya kai tara. Direbobi, masu gadi, masu adaidaita sahu, har daga Hotoro da Tudun Murtala ake zuwa. Kullum da yamma yakan fito ya yi musu jawabi kan makomar fasaha, kuma tsawon wata takwas ko mutum ɗaya bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi ba. Kowa kansa a sunkuye, hannu biyu a kan cinya. Injiniya yakan ce irin wannan ladabi ko a Malesiya bai gan shi ba.

Ranar wata Asabar aka zo gwajin ilimin. Autarsa Muhibba tana da jarrabawar neman gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, da ƙarfe huɗu na yamma. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma shekara biyu ta yi tana shiri. Sharaɗin shi ne sai an sauke manhajar jarrabawar a kwamfuta kafin lokacin, ba a yi da waya. Tata kwamfutar ta hannu kuwa tun watan jiya ta daina kamawa, ranar da Injiniya ya gyara mata ita.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka yaye yadi, aka danna. Wani ɗan koren layi ya fito, ya motsa kaɗan, ya tsaya yana hutawa. A ƙarƙashinsa kwamfuta ta rubuta cewa saura awa tara.

Muhibba ta ƙirga da yatsu, ta dubi agogo. Injiniya kuwa murmushi ya yi, irin na likitan da aka kawo wa cutar da ya fi so.

"Zafi ne," in ji shi. "A Malesiya abin da aka fara koya mana ke nan. Intanet ba ya son zafi."

Aka ƙure iyakwandishan, aka ɗauko fankar falo aka saita ta a ƙeyar kwamfuta. Muhibba ta jawo mayafi ta ƙudundune. Bayan rabin sa'a aka duba, saura awa goma sha ɗaya.

"Nauyi ne," in ji Injiniya. "An cika mata ciki da tarkace, ina za ta sa sabon kaya?"

Ya zauna ya goge hotunan bikin 'yarsa ta fari gaba ɗaya, guda ɗari huɗu da 'yan kai. Ya bar bidiyon jawabinsa na ranar ritaya, mai awa biyu, saboda tarihi ne. Kwamfuta ta yi sakayau, koren layi bai san an yi ba.

Wajen ƙarfe ɗaya layin ya rarrafa ya kai kashi ashirin da uku cikin ɗari. A nan ne Injiniya ya fito da babban makaminsa. Ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya matsa, ya kashe kwamfutar, ya ƙirga goma da Turanci, ya kunna. Layin ya koma sifili. Muhibba ta toshe baki da mayafi. Ya dube ta ya ce kada ta damu, yanzu an samu tushe mai kyau.

"Abba," ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "ko dai mutanen ƙofar gida ne suka yi wa layin intanet ɗin yawa?"

Kai, ba a taɓa yi wa Injiniya irin wannan ba a cikin Cibiya. Ya cire tabarau.

"Auta, a Malesiya mutum dubu goma ke hawa layi ɗaya, ko tari ba ya yi. Kuma waɗannan bayin Allah da kike gani ba intanet ke kawo su ba. Ilimi ke kawo su. Allon nan ado ne kawai."

Duk da haka ya yarda cewa cunkoso na iya zama matsala, don haka ya bi gida ya ƙwace wayar matarsa Hajiya Raudatu da ta mai girki, ya kulle a durowa. Wayar mai girkin ko hoto ba ta ɗauka.

Bayan azahar ya kira kamfanin intanet, ya buɗe murya don kowa ya ji yadda ake magana da ƙananan ma'aikata. Wata mai suna Clara ta ɗauka. Sai da ya gabatar da kansa na minti shida, har da sunan otal ɗin da ya sauka, sannan ya bar ta ta duba.

"Yallaɓai, layinku lafiya lau yake," in ji Clara. "Amma ina ganin na'urori hamsin da uku a kansa yanzu haka. Ku canza lambar sirri, nan take zai saki."

"Hamsin da uku?" Fuskar Injiniya ta washe. Ya juya ya kalli Hajiya Raudatu da ke tsaye a bakin ƙofa. "Kin ji ko? Makon jiya arba'in ne." Sannan ya koma kan wayar ya ɗaure fuska. "Yarinya, ban kira ki don ki yi mini ƙidayar jama'ata ba. Lokacin da nake sarrafa kwamfuta ke ko rarrafe ba ki fara ba. Ba ni manajanku."

Manaja ba ya nan. Injiniya ya kashe waya, ya ce an gama magana da baki, saura takarda. Kafin ya fita ya yi wa kwamfutar maganin ƙarshe. Ya zare waya daga bayanta, ya hura mata iska, ya mayar, sannan ya doki saman akwatin sau uku da tafin hannu, kamar yadda ya ga wani farfesa ya yi. Ya ɗauki alƙalaminsa mai koren tawada ya shige ɗaki rubuta wa shugaban kamfanin takardar gargaɗi, da kwafi zuwa wurare bakwai.

Ƙarfe uku da kwata. Kashi tara cikin ɗari. Muhibba ta kifa kai a kan tebur tana kuka marar sauti, kukan baƙin cikin wanda ya san maganin abu sarai amma ba shi da bakin faɗa.

Hajiya Raudatu ba ta je Malesiya ba. Iyakacinta Saudiyya, sau biyu. Ta shigo ta turo ƙofa.

"Abin da yarinyar nan ta kamfani ta faɗa, kin iya?"

"Na iya, Umma. Minti biyu ne. Amma Abba..."

"Yi. Shekara talatin da huɗu nake jin faɗansa, na yau ba zai kashe ni ba."

Muhibba ta share hawaye, ta yi 'yan danne-danne. Koren layin nan da ya wuni yana jan ƙafa sai ya zabura a guje. Kafin Hajiya ta gama gyara ɗaurin ɗankwalinta ya wuce rabi. Huɗu saura ashirin ya cika.

Daidai nan Injiniya ya dawo da takarda shafi uku a hannu. Ya dubi kwamfuta, ya dubi agogo, ya gyaɗa kai.

"Minti ashirin da biyar," ya ce. "Haka farfesan ya ce dukan yake ɗauka kafin ya ratsa."

Uwa da 'ya suka ce sannu da ƙoƙari. Ƙarfe huɗu Muhibba ta yi bismilla ta fara jarrabawarta.

Injiniya kuwa ya ga bai kamata irin wannan nasara ta tsaya a cikin gida ba. Bayan la'asar ya zura babbar riga, ya karya hula, ya fesa turare, ya tsara jawabin a ransa: matsala, bincike, duka uku. Ya sa aka buɗe masa ƙofa.

Benci tara, babu kowa a kai. Ɓawon gyaɗa ne kawai da ledojin ruwa, sai hotonsa a jikin allo ya dafa haɓa yana kallon titi. Malam Falalu maigadi na zaune a kan kujerarsa yana jujjuya waya.

"Ina jama'a?"

"Ranka ya daɗe, sabis ne ya ɗauke. Sun ɗan jira, wajen minti goma. Sai wani ya ce akwai na kyauta a wani gidan abinci a Hotoro."

"Har da Malam mai barci?"

"Shi aka fara ɗauka a adaidaita."

Injiniya ya sake bin bencin nan da kallo. Amma jawabi ya riga ya taso, ba shi da wurin komawa. Ya gyara tsayuwa, ya fuskanci maigadinsa, ya ce, "A Malesiya..."

Sai Malam Falalu ya ɗaga kai ya kalle shi ido cikin ido. Wata takwas rabon da wani ya yi masa haka a ƙofar gidan nan, har sai da Injiniya ya ji wani iri.

"Alhaji, kafin ka yi nisa," in ji Falalu, yana miƙo waya, "an ce lambar aka canza. Sa mini sabuwar."

Injiniya ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonta. Bai san lambar ba.