Ranar da na kira surukina ɓarawo a Yeji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da zan je gaida iyayen Rabi, yarinyar da nake nema da aure, a Salaga. Ni kafinta ne a unguwar Anloga ta Kumasi, haifaffen Zango, kuma Arewa sau ɗaya na taɓa zuwa, ta Techiman da Kintampo (amma in ka ji ni ina ba da labari, sai ka rantse ni na shimfiɗa kwaltar).

Danginta suka ce mota za ta ɗauke ni. Sai ga wani tsoho da akori-kura, ba fara'a, ba magana. Na loda huhunan goro, muka tashi.

Tun daga fita Kumasi hankalina ya ƙi kwanciya. Maimakon hanyar Techiman, sai ya miƙa Mampong, muka kama hawan dutse. Ejura ta wuce, itatuwa suka fara gajarta, gari ya yi nisa da gari. A Atebubu ya ɗaga waya ya ce, "Mun kusa. Yana tare da kayan." Na ce shi ke nan, da ni da goron an sayar.

Muna shiga Yeji na hango kwalta ta ƙare a cikin ruwa, ruwa iya ganinka. Ganin wani ɗan sanda, na dire ina ihu, "Ɓarawo! Ku taimake ni, zai sace ni!"

Kasuwar kifi kaf ta taru. Ɗan sandan ya leƙa motar, ya ce, "Ah, Alhaji, sannu da hanya!"

Tsohon ya sauko a hankali. "Yaro, wannan ce tsohuwar hanyar goro. Kakanninka da ƙafa suka bi ta zuwa Salaga tun babu mota. Jirgin fito muke jira, da mai jirgin na yi waya." Ya gyara hula. "Ni ne wan uban Rabi. Ni zan ba da aurenta."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. A jirgi ban iya ɗaga kai ba, ina ta yi wa Rabi ban kwana a zuci.

Sai da muka haye ya ce, "Za a ba ka ita. Mai wannan ihun, ba wanda zai sace mana 'ya a hannunsa."

Har yau in ya zo gidana, daga ƙofa yake cewa, "A ɓoye goro, ɓarawo ya iso." Ni kuwa na koyi tambayar inda hanya ta nufa kafin in tara wa kaina kasuwa.