Allurar Goggo Dija

Har gobe ba zan taɓa mantawa da hutuna na farko daga jami'a ba, lokacin Jalingo na sabuwar hedikwatar jiha, kowa na ji da kansa, har da ni.

Likitanci na nema. Jami'a ta dubi sakamakona na kimiyya, ta ji tausayin marasa lafiya, ta tura ni sashen nazarin zamantakewa. Na roƙi ko kiwon lafiyar al'umma a ba ni, aka ce ya cika. Matsalar ita ce Baffa, mahaifina, ya riga ya shelanta wa majalisarsu ta ƙofar masallaci cewa ɗansa zai zama likita. Na ce zan gaya masa gaskiya idan na samu dama. Maimakon haka sai na ari farar rigar abokin ɗakina, na ɗauki hoto, na aiko gida (har da rataya abin sauraren ƙirji a wuya, don rashin kunya). Baffa ya sa masa gilashi ya kafa a zaure.

Da na dawo hutu, sunana ya ɓace, sai Dokta. Kuma wallahi na ji daɗinsa. Mai ciwon kai na ce ya sha ruwa, mai ciwon baya na ce ya huta, duk aka ce yaron nan ya san aiki.

Sai Goggo Dija ta kwanta. Yayar Baffa ce, ita ta raine ni a unguwar Mayo Gwoi bayan rasuwar mahaifiyata. Zazzaɓi ya ƙi sauka, aka yi aka yi ta je asibiti, ta ƙi.

"Likita yana gida, ni za ta je asibiti yin mene?" in ji ta da Hausarta ta Fulani. "Ɓingel am, ɗana, zai duba ni."

Ina ji, na yi shiru. Wannan shirun shi ya fi komai ci mini rai har yau, domin kwanaki ta yi tana ramewa ina ce mata ta sha ruwa.

A lokacin, al'adar unguwa ce a sayo allura a kemis, a kira wanda ya iya ya yi a gida. Baffa ya sayo, aka tafasa sirinji a tukunya, aka miƙo mini a faranti kamar baƙon da aka kawo wa abinci. Matan gida sun cika ƙofar ɗaki, Baffa ya taho da abokansa biyu suna jira a tsakar gida. (Ban gaya muku ba, ni ko a firamare sai an danne ni ake yi mini rigakafi.)

Na ɗauki allurar. Na dubi tsininta, na dubi Goggo da ta juya baya ta yarda da ni. Ɗakin ya fara juyawa.

Da na farfaɗo, ina kwance a tabarma, marar lafiyar ce ke yi mini fifita da faifai.

"Baffa," na ce, "ba likitanci nake karantawa ba. Zamantakewa ne."

Ya daɗe yana kallona a gaban abokansa. "Shi wannan, wace cuta yake warkarwa?"

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya fita ya nemo mota aka kai Goggo asibiti, aka ce taifot ne, kuma an makara ƙwarai. Allah Ya tashe ta, amma ta sha jinya. Baffa kuwa ya daɗe in ya sallame salla sai ya wuce gida, ba ya tsayawa a majalisa.

Hoton bai cire ba, ya dai juya fuskarsa bango. Goggo kuma har ta koma ga Allah Dokta take kirana, tana dariya.

Na gama digirina, yau shekaru ina koyar da yadda jama'a ke zaune da juna. Amma abin da na fi sani a fannin ba a aji na koya ba: in za ka ari riga don hoto, ka tabbata ba wadda za a kira ka aiki da ita ba ce.