Tudun Honorabul Ɗanliti

A duk bayan Ƙofar Guga babu mai kishin jama'a kamar Honorabul Ɗanliti, kansilan Lungun Marina. Maganar nan tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta. Kafin zaɓe buhunan wofi yake sayarwa a kasuwar hatsi, ana ce masa Ɗanliti Mai Buhu. Bayan zaɓe kuwa ko ƙosai zai saya sai ya zuba babbar riga ya karya hula. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Gwamnan Lungu, shi kuma ya ji sunan ya yi masa daidai.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allah sakat, wato gaisuwa. Kullum da hantsi zai fito da kujerar roba ƙofar gida, ya harɗe, ya tanadi amsoshinsa tsaf: lafiya lau, madalla, a gaida gida. Sai 'yan acaɓa su zo su wuce fuu! Mai ladabin cikinsu ne ke danna masa oda. Oda! Mutumin da ke zama ɗaki ɗaya da Ciyaman! Amsoshin nan haka suke komawa ciki ba a taɓa su ba, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta ba kowace mazaɓa siminti da tsakuwa, a yi aikin da jama'a suka zaɓa. Aka taru a filin firamare. Hajiya Sabuwa mai ƙuli-ƙuli, wadda gidanta ke can gangaren layi, ta miƙe.

"Honorabul, mu dai kwalbati muke so. Duk damina ruwa har gado yake iske mu."

Gwamnan Lungu ya yi murmushin tausayi, ya tattara hannun riga ya aza a kafaɗa.

"Jama'a, ku kuna kallon ruwa, ni ina kallon ci gaba. Na tahi Abuja, na gani da idona. Babu unguwar manya wadda ba ta da tudun rage gudu. Rayukan ɗiyanmu sun hi kwalbati. Kuma binciken kwamitina ya nuna wurin da ya hi ko'ina haɗari shi ne daidai ƙohwar gidana."

Kwamitin nan mutum biyu ne, shi da surukinsa Habibu mai riƙe masa waya. Habibu ya tafa, taro ya watse.

Aka yi tudu. 'Yan acaɓa suka zo suka haye shi a guje, ko waiwaye babu. Honorabul ya ce a ƙara. Aka ƙara. Ya tsaya daga nesa, ya rufe ido ɗaya, ya ce har yanzu bai kai matsayin mazaɓar ba. Aka yi ta lafta siminti daga bangon nan zuwa bangon can, har akuyoyin unguwa suka samu wurin shan hantsi. Mai kurar ruwa in ya iso sai ya nemi taimakon jama'a.

To, gudu kam ya ragu. Sai dai mai babur in yana hawa, idonsa na ƙasa, bakinsa na motsi. Honorabul ya ɗauka addu'a ake yi masa, ya riƙa amsawa da "Amin, amin, na gode." Da Habibu ya matsa kusa ya ji irin addu'ar, sai ya ja da baya ya kama danne-dannen waya. Ba a jima ba ma masu babura suka koma bi ta layin baya. Titi ya yi tsit. Gwamnan Lungu ya zauna da amsoshinsa, daga shi sai akuyoyi.

Rannan bayan la'asar hadari ya taso, aka tsuge da ruwa. Ruwan ya gangaro yadda ya saba zai tafi gidan Hajiya Sabuwa, sai ya yi karo da ci gaba. Ya duba hagu bango, ya duba dama ga ƙofar Honorabul a buɗe. Ya shige ko sallama babu. Ya fito da kujerar roba, ya fito da takalma da kaji, har da babban hoton da Honorabul ya ɗauka yana miƙa wa Ciyaman hannu.

Washegari unguwa ta yi abin da ta saba yi wa wanda abu ya sama, ta fito jaje. 'Yan acaɓa suka ajiye babura, suka naɗe ƙafar wando, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna rusunawa. Honorabul na tsaye a kan tudu cikin 'yar shara ta aro, domin nan kaɗai ne busasshen wuri.

"Ranka shi daɗe, ashe abin da ya hwaru ke nan? Sannu. Allah shi kiyaye gaba."

"Madalla! Lahiya lau! A gaida gida!"

Amsoshin da suka daɗe a ajiye suka yi ta zuba. Daɗi ya kama shi har ya manta katifarsa na shanye a kan katanga. Ya sunkuya wajen Habibu ya ce, "Ka gani? Wanda duk ya ce aikin ga bai yi ba, ɗan adawa ne."

Sai ga Hajiya Sabuwa, zanenta a bushe ƙarau. Ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda ya daɗe yana mafarki, ta tambayi iyali, ta tambayi kaji.

"Honorabul, mun yi maka mummunar hwahimta, ka yahe mana. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin an yi ruwa tsakar gidana a bushe ba sai jiya. Don Allah kada a taɓa tudun ga. In da sauran siminti ma, a ƙara mashi tsawo."

Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, "A ƙara! A ƙara!"

Gwamnan Lungu ya buɗe baki zai ce madalla, sai idonsa ya kai gabas. Wani hadarin ne ya haɗo, baƙi ƙirin.