Ranar da Na Kawo Teku Kwamin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar cikin bazara ba, ranar da na tara dattawan ƙauyenmu a bayan gidan kawuna don in nuna musu ilimi, na ƙare tsamo-tsamo cikin ruwa ina kamun tarwaɗa da hannu. Shekara uku ke nan, amma har yau in matata ta ce in miƙo mata gishiri sai na leƙa fuskarta in ga ko da wata manufa.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare kusa da Tofa. A ƙauyenmu akwai mutum tara masu kiwon tarwaɗa a kwamin siminti. Da suka kafa ƙungiya sai suka naɗa ni sakatare, ba don ina da kifi ko ɗaya ba, sai don ni ne mai rubuta musu takarda. Cikinsu har da Kawu Iliya, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare har na gama kwaleji a Bici. Ciwon gwiwa ya raba shi da noman rani, shi ya sa ya gina kwami ɗaya a bayan gida. Da wannan kwamin ake cefane a gidansa, ba shi da wani abin.

Kullum da safe Kawu zai dogara sanda ya je bakin kwamin, ya tsoma hannu, ya shinshina, ya ɗan lasa, sannan ya ce a sauya ruwa ko a bar shi. In ya ga tabo a jikin kifi sai ya watsa gishiri tafi biyu, kamar yadda duk masu kiwo suke yi. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. (Na taɓa tsayawa gaban allo na ce wa ɗalibaina harshe ba ma'auni ba ne. Kawu nake nufi, Allah ya yafe mini.)

Wata rana ina latse-latsen waya a ofishin malamai na ci karo da bidiyon wasu samari a ƙasar waje. Sun ƙirƙiro na'ura kamar ƙaramar rediyo, wadda za a ɗora a bakin ruwa, ta zuƙi ruwan da kanta ta wani siririn tiyo, ta auna, ta turo sakamako a waya. Ba su fara ƙera ta da yawa ba tukuna. Karo-karo suke nema ta intanet, duk wanda ya sa hannu yana cikin waɗanda za a fara aika wa.

Ga inda laifina yake. Kifayen bidiyon a cikin akwatin gilashi suke a tsakiyar falo, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kamar an yi musu kwalliyar Salla. Kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na'urar ta masu ajiye kifin teku ce don ado. Na karanta, na kuma fahimta sarai. Sai na ce a raina, ai ruwa ruwa ne, kifi kifi ne. Na'urar da ta iya kula da kifin masu kuɗi, tarwaɗa ce za ta gagare ta?

A taron ƙungiya na nuna musu bidiyon, na yi shiru da zancen teku. Alhaji Garba, shugabanmu, ya ce, "To Malam, mu ba da kuɗi alhali ba a ƙera kayan ba?"

Na ce, "Alhaji, gayya ce. Sai dai wannan ta duniya ce baki ɗaya."

Kawu ya matso da wayar kusa da idonsa ya ce, "Waɗannan kifayen ana cin su kuwa?"

Na ce, "Samfuri ne kawai, Kawu." Aka haɗa kuɗi aka ba ni, na tura.

Wata goma sha ɗaya muna jira. Duk inda na gifta sai wani ya ce, "Malam, gayyar taka har yanzu sharar gona ake yi?" Da saƙo ya zo cewa kaya sun iso Kano, ko rufe ajin da nake ciki ban tsaya yi ba. Ni da kaina na ce a kwamin Kawu za a fara gwadawa. Na ce wa mutane girmamawa ce, amma ni na san so nake ya gani da idonsa. A lokacin kifinsa sun yi wata biyar, saura mako biyu a kwashe, mai saye ma ya riga ya zo ya duba.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi. 'Yan ƙungiya suka zo, mai unguwa ya zo, har waɗanda ba su san ƙofar kwami ba suka zo kallo. Na saka farin kaftani mai sitaci. Na haɗa na'urar da batirin sola, ta yi ƙara a hankali, ta zuƙi ruwa, jama'a suka yi kabbara. Can wayata ta yi ƙara. Na duba, ga jan layi da gargaɗi: gishiri ya yi ƙasa ƙwarai, kifi suna cikin haɗari.

Nan take kifayen gilashin nan suka faɗo mini a rai. Amma ga mutum fiye da ashirin sun zuba mini ido, kuma kowa a wurin ya san gishiri magani ne ga tarwaɗa. Ina faɗa Alhaji Garba ya gyaɗa kai. Sai na ji ƙarfin gwiwa, na ɗaga murya.

"Jama'a, kun ga abin da nake faɗa? Kifin Kawu suna cikin haɗari, ba wanda ya sani!"

Kawu ya ce, "Ɗan nan, ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Ɗazu na duba."

Ni kuma, da bakin nan nawa, a gaban mai unguwa, na ce, "Kawu, da me kuka duba?"

Aka yi dariya. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "To, kai ne malami." Ya koma ya zauna.

Na watsa tafi biyu, na sake gwadawa, ja. Na zuba kwano guda, ja. Na hau babur na je shagon Alhaji Garba na ɗauko buhun gishiri, muka riƙa narkarwa a bokiti ina juyewa. Har yanzu ja, ko da yake layin ya ɗan motsa, na kuwa nuna wa kowa motsin kamar na ci jarrabawa. Na koma na ɗauko na biyu. (Wai ni mai koyar da kimiyya. Ɗalibina na aji ɗaya da ya tsaya ya yi tunani.)

Muna tsakiyar buhu na biyu kifi suka fara tasowa. Suka cika saman ruwa, baki buɗe, suna karo da juna, wasu suna tsalle suna bugun bango. Wani daga baya ya ce, "Malam, murna suke yi?" Na ce sabawa suke yi. Ban rufe baki ba wata ƙatuwa ta juya farin cikinta sama, wata ta bi ta.

Kawu ya miƙe, ko sandar bai ɗauka ba. Ya tsoma hannu, ya lasa, ya tofar.

"Wannan ai miya ce! Rabi! Fito da bahuna! Ku buɗe bututu!"

Inna Rabi, matarsa, ta fito da duk robar da ke gidan. Aka buɗe bututu, aka ta da injin rijiya, kowa ya kama. Mai unguwa ya naɗe riga yana jigilar ruwa. Ni kuwa na faɗa cikin kwamin da kaftanina ina cafko kifi ina miƙawa, suna suɓucewa, suna suka ta da ƙaya. Duk wannan abin wayata tana kan tabarma tana ƙara, tana sanar da jama'a cewa har yanzu gishiri bai isa ba.

Fiye da rabi suka mutu.

Da hankali ya ɗan kwanta, Kawu ya ɗauko kwalin na'urar ya miƙo mini ina ɗigar ruwa. Ya ce in karanta musu abin da aka rubuta a jiki, da Hausa. Na karanta da ƙyar: domin masu ajiye kifin teku a gida.

Ya ce, "Yau ka ga rubutun nan, ko tun kafin mu haɗa kuɗi?"

Da na ce yau, ba mai iya ƙaryata ni a wurin. Amma na dubi gwiwoyinsa suna rawa saboda tsayuwa, na kasa. Na ce, "Tun kafin, Kawu."

Ya karɓe kwalin daga hannuna ya ajiye. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Sai ya ce, "Ni dai na kai ka Bici da kaina, na dawo, ban ga teku a hanya ba." Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Kwana biyu Inna Rabi tana banda. Ta aiko wa matata da kwano guda, ta ce a gaya mini ba sai an ƙara gishiri ba. Na ci ina hawaye, na ce barkono ne.

Na'urar tana nan a ɗakin kimiyyar makarantarmu, kuma ban taɓa zaginta ba, don ba ta yi ƙarya ba. An ƙera ta don teku, ta yi ta neman teku. Ni ne na ga rubutu na rufe shi da yatsa saboda ina so a ce na fi tsoho sani. Abin da na koya bai wuce wannan ba: in ka samo sabon abu, ka karanta wa mutane kwalin duka, har wurin da bai yi maka daɗi ba.

Ni na sayo wa Kawu 'ya'yan kifi na zubi na gaba, bai ce a'a ba, bai kuma ce an gode ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini. Kullum da safe kafin in wuce makaranta sai na biya bakin kwami, in tsoma hannu, in shinshina, in lasa, in faɗa masa ko a sauya ko a bari. Yana zaune a kan turmi zai ɗago kai ya ce, "Malam, da me kuka duba?"

Ni kuma in ce, "Da harshe, Kawu."